Wa Zai Riƙa Gyara Jiragen Jalingo?

Ku mazauna Agege, dare da rana jiragen Ikeja suna wucewa ta bisa kanku. Shin 'ya'yanmu nawa ne ke kwance injinansu?

Jalingo ta zama babban birnin Jihar Taraba a 1991, ga ta kuma da filin jirgin sama mai sunan marigayi Gwamna Danbaba Suntai. To, amma ɗan garin da ba shi da sana'ar, rabonsa a filin bai wuce gadi da dako ba. Gyaran jirgi kuwa ba a koyonsa a bakin titi kamar na mota. Mai sa hannu cewa jirgi ya isa tashi, sai yana riƙe da lasin hukumar NCAA, bayan karatu da jarrabawa da daɗewa a hannun gwanaye.

Makarantar koyon wannan aiki tana nan Zariya tun 1964. A 2017 kuma aka amince wa kamfanin Aero Contractors ya riƙa yi wa jiragen Boeing 737 babban gyara a Legas, aikin da a da sai an kai ƙasashen waje.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyoyinmu na 'yan gari, cikin kuɗin da ake tarawa don biki da jaje, a ware wani kaso. A haɗa kai da ƙananan hukumomi da masarautar Muri, a zaɓo yara biyu masu hazaƙar lissafi, ba don ɗan wane ba, a biya musu karatun Zariya. In lokacin koyon aiki a Ikeja ya zo, masauki da tuwo suna wuyanku, ku na Agege.