Tsoron Zuwa Wurin Likitan Haƙori

(Jawabin da wata 'yar'uwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta yi a taron zumunta na shekara. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.)

An ce in yi magana a kan lafiyar baki, amma na roƙi kwamiti su bar ni in tsaya kan abu ɗaya, wato tsoro. Gama yawancinmu mun san inda ya kamata mu je in haƙori ya dame mu. Wani lokaci kuɗi ke hana mu, wani lokaci nisa, tun da da yawa cikinmu daga ƙauye muka fito. Amma sau da yawa tsoro ne kawai, muna kuwa jin kunyar faɗa.

Bari in fara da tona asirin kaina. Na yi shekaru ina yi wa mutane allura, ina ce musu su kwantar da hankali. Duk da haka na yi wata takwas da rami a turmin haƙorina na ƙasa, ina tusa kanumfari da dare, ina tauna tuwo da gefe ɗaya. Ran da na yi ƙarfin hali na tafi, ina zaune a benci sai na jiyo ƙarar injin daga ciki. Na ɗauki jakata na koma gida, na ce wa maigidana layi ya yi tsawo. Bayan mako uku na koma da kumburarren kunci. Likita ya duba ya ce, "Mama, da kin zo tun farko, da cikewa kawai za mu yi." A ranar ba a iya taɓa shi ba, sai da na sha magani, daga baya aka cire.

Ga yadda abin yake. Bayan haƙori ɓawo ne mai tauri wanda ba shi da jijiya, jijiyar tana can tsakiya. Rami yakan fara daga waje, shi ya sa da fari ba ka jin kome, sai ɗan tsami in ka sha ruwan sanyi. A wannan lokaci aikin ɗan kaɗan ne: a share, a cike, ka tashi. In ramin ya kai jijiya, nan ne barci yakan gagara. Daga nan jijiyar takan mutu, ciwon ya lafa, mutum ya ce ya warke. Bai warke ba, mugunya ce take taruwa a saiwar haƙorin. Abin da nake so ku riƙe shi ne, allurar kashe zafi ba ta kama wurin da ya kumbura sosai kamar yadda take kama lafiyayyen wuri. Saboda haka mai jinkiri shi yake shan wuya a kujerar likita, shi ne kuma yakan dawo ya ba da labari a ƙofar majami'a, mutum goma su ji su ƙi zuwa.

Jinkirin nan yana iya kai ga rai. Kumburin haƙorin ƙasa yakan gangara ƙarƙashin harshe da wuya har ya toshe numfashi. In kun ga mutum da zazzaɓi, baki ba ya buɗuwa, haɗiyar miyau tana ba shi wuya, ko kumburi ya kai ido, kada a jira gari ya waye. Mu yi masa addu'a, i, amma a cikin mota, a kan hanyar asibiti. Masu ciwon suga su fi kowa kula da wannan.

Akwai maganganun da suke ƙara mana tsoro. An ce cire haƙorin sama yana makantar da mutum. Ba haka ba ne, jijiyar gani dabam take da ta haƙori. An ce mai ciki ba ta zuwa. Tana zuwa, ta dai faɗi watanninta. An ce tsutsa ce a ciki. Ba tsutsa, ƙwayoyin cuta ne suke cin zaƙin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cinye haƙori. Waɗansu kuma, don gudun asibiti, sukan ɗora asfirin a kan dasashi, ko ruwan batir, su ƙone naman bakinsu a banza. Mai cire haƙori a kasuwa kuwa, in bai dafa kayan aikinsa ba, yana iya ba ka ciwon hanta tare da canjinka.

Kakanninmu suna da hujjar tsoro, domin a zamaninsu ɗanye ake cirewa. A shekara ta 1846 ne wani likitan haƙori, William Morton, ya nuna a birnin Boston na Amurka cewa ana iya sa mutum barci a yi masa aiki bai ji ba. Maganin da aka fi sa wa a allurar haƙori yau, lidoken, an haɗa shi a ƙasar Suwidin a 1943. Za ka ji ɗan tsini, bayan 'yan mintoci leɓe ya yi nauyi kamar ba naka ba, ya ɗauki awa biyu ko uku kafin ya saki. Za ka ji ana dannawa, ana girgizawa, wannan ba zafi ba ne. In kuwa ka ji zafi na gaske, kana da iko ka ce a tsaya a ƙara.

To, me za ka yi ran tafiya? Abu na fari, wanda ni na kasa yi: ka buɗe baki ka ce, "Likita, ina jin tsoro." Ba kai ne na fari ba. Ku shirya da shi cewa in ka ɗaga hannun hagu zai dakata. Sanin cewa kana iya tsai da aikin yakan rage fargaba. Ka tafi da safe, kada ka wuni kana tunani. Ka ci abinci, gama masu zuwa da yunwa su ne sukan ji jiri. Ka faɗa masa in kana da hawan jini, ciwon suga, sikila, ko kana shan maganin tsinka jini. A kan kujera ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja. Ni nakan rera waƙar sujada a zuciyata, baiti bayan baiti. Kafin in kai na huɗu yawanci an gama. In abin ya fi ƙarfinka, ka roƙa zuwan farko ya zama dubawa kaɗai.

Iyaye mata, ina roƙonku, ku daina ce wa yaro, "In ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura." Mu ne muke shuka tsoron da hannunmu. Kada kuma ku ce masa ba zai ji kome ba, in ya ji ba zai ƙara yarda da ku ba. Ku ce za a ƙirga haƙoransa, in akwai ɗan tsini likita zai faɗa masa tukuna.

Na lura tun da na fara magana waɗansu suna taɓa kunci da harshe. Sakatariya tana da takarda a bakin ƙofa. Wanda yake so a raka shi ya rubuta sunansa, wanda kuma zai iya rakiya ya rubuta a ɗaya gefen, sai mu haɗa ku bisa ga garuruwanku kafin a watse.