Sirdin Babur Da Doguwar Tafiya

Jawabin da Ma'aikacin Yaɗa Labarai ya yi a gaban Hakimai da Malamansu na yankin Funtua da Malumfashi

  Ina neman gafara tun da fari, gama abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, har wani ya ce bai isa a tara manya dominsa ba. Maganar kuwa ita ce ta sirdin babur, wanda 'yan acaɓa ke kira sit, da wahalar da yake ba mai doguwar tafiya, da yadda za a rage ta.

Dalilin da ya sa na kawo ta gabanku shi ne, yawancin aikin da kuke aikawa ƙauyuka a yau bisa babur yake tafiya. Malamin gona, da malamin asibiti mai kai allurar rigakafi, da mai duba makarantu, da ɗan aiken Hakimi mai kai takarda wurin Dagaci, duk babur ne abin hawansu. Kadan sirdi ya lalace, mahayi ba ya faɗa wa kowa, domin kunya. Abin da yakan yi shi ne, ya ziyarci ƙauyukan da ke bakin kwalta, ya bar na cikin lungu sai wani jiƙo. In aka matsa masa da neman rahoto, sai ya zauna gindin mangwaro ya rubuta abin da bai gani ba. Hasarar kuwa a kan talakan da ke nesa take faɗawa, wanda tsutsa ta shiga masararsa ba wanda ya zo ya duba.

Daga doki zuwa babur

Iyayenmu bisa doki suka yi rangadi, sun kuma san cewa ba a wasa da sirdi. Kafin a ɗaura shi sai an sa zubuka a ƙasa don kada bayan doki ya yi miki, a shimfiɗa jalala a bisa don mahayi, a daidaita tsawon likkafa da ƙafarsa. Mutanen da suka ƙera babur na farko ma daga doki suka ɗauko dabara. A shekarar 1885 wasu Jamusawa biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka haɗa wani babur na katako, suka ɗora masa sirdin fata mai kama da na doki. Baburan da suka biyo baya sun daɗe ba su da sifirin a ƙafar baya, sai a ƙarƙashin sirdi kamar na keke. Sai wajen shekarun 1950 dogon sirdin soso mai ɗaukar mutum biyu ya zama ruwan dare, tare da sandunan sifirin na baya.

A nan ƙasarmu, jirgin ƙasa da injinan gurzar auduga su suka raya Funtua, injinan gurzar kuma suka raya Malumfashi, amma ba su shiga ƙauye ba. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, aka gina hanyoyin burji da madatsun ruwa da wuraren sayar da taki, malaman gona suka yawaita. Tun daga lokacin babur ya yi ta karɓe aikin doki da keke. Sai dai mun karɓi babur mun manta da ladabin sirdi. Mutumin da ba zai yarda a ɗaura wa dokinsa sirdi ba zubuka ba, shi ne za ka gani bisa babur soso ya cinye, yana zaune a kan ƙarfe.

Abin da ke kawo ciwon

Abu huɗu ne ke haɗuwa. Na farko nauyi. Allah ya yi wa ɗan Adam ƙasusuwa biyu a mazaunai, su ke ɗaukar nauyinsa in ya zauna. In sirdi yana da faɗi kuma ya daidaita, nauyin yakan bazu a kansu da cinyoyi. In ya tsuke, ko tsakiyarsa ta yi tudu, sai nauyin ya koma tsakanin ƙafafu, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke, wurin ya mutu. Na biyu jijjiga. Masana sun gano cewa jijjigar da ta fi wahalar da mutumin da ke zaune ita ce mai kai da komowa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya, gama a nan ne gadon baya da kayan ciki suke amsa ta. Hanyar burji mai gargada irin wannan jijjiga take bayarwa. Na uku zafi da gumi. Baƙar ledar da ake rufe sirdi da ita tana shan rana, ba ta kuma barin iska ta ratsa, sai fata ta jiƙe ta riƙa gogar tufa har ta saluɓe. Na huɗu zama wuri guda ba motsi.

Daga Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori kimanin kilomita 50 ne, watau mil 30, bisa kwalta. Wannan ba ya gagarar kowa. Amma wanda zai ratse ya shiga ƙauyukan Ƙafur ko Ɗanja ko Dandume da damina, ya kewaya unguwanni biyar ko shida, yakan yi awa huɗu ko biyar bisa sirdi kafin ya dawo. A nan ne abubuwan nan huɗu suke taruwa a kansa.

Gyaran sirdin kansa

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton laushi shi ne daɗi. Ni kaina na yi shi. Na taɓa kai sirdina wurin mai ɗinkin kushin na ce ya cika mini shi da soso mai laushi irin na katifa. Da na hau a ƙofar shagonsa sai na ji kamar kilishi. Ban yi rabin awa a hanya ba soson ya lotsa, na riƙa jin kwanon sirdin a ƙasusuwana, ga shi kuma na nutse ba halin in gyara zama. Ran nan ƙauye biyu na bari ban je ba.

Abin da ya kamata a gaya wa mai ɗinki shi ne ya yi hawa biyu. A ƙasa ya sa soso mai tauri, irin wanda ake haɗawa da gutsattsari a danne, ya zama shi ne mafi kauri. A bisa ya shimfiɗa mai ɗan laushi, kaurin yatsa ɗaya ko biyu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a danna da babban yatsa da ƙarfi, in an ji kwano a ƙasa, soson bai isa ba ko ya mutu. Sa'an nan a faɗaɗa wurin zama a baje shi, a bar gaban a tsuke domin ƙafa ta iya kai ƙasa in an tsaya. Kada a bar shi ya gangara gaba, gama mahayi zai yi ta zamewa wajen tanki yana tokare kansa da hannu, kafaɗu su gaji. Kada kuma a yi masa tudu ƙwarai. Mutumin da ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai, in ya shiga taɓo ko yashi faɗuwa zai yi.

Ledar bisa in ta yage a ɗinke ta ran nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasarmu tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, soso kuwa in ya sha ruwa yakan riƙe shi kwana da kwanaki, ya jiƙa wandon mahayi, ya ruɓe. A duba robobin da ke ƙarƙashin sirdi da notunan da ke riƙe shi, domin in sun sassauta jijjiga takan ƙaru.

Wasu sukan ɗaura matashin auduga, tun da auduga a gonarmu take. Tana yi na ɗan lokaci, amma takan dunƙule ta yi ƙulli, ta kuma sha gumi. Abin da ya fi ta yana nan a kowane gida, watau buzu. Fatar rago da aka jeme da gashinta tana barin iska ta shiga tsakanin mutum da leda, ba ta ɗaukar zafin rana kamar leda, tana kuma rage gogayya. Masu doguwar tafiya bisa babur a Amurka da Ostareliya kuɗi suke sawa su sayi irinta. Baduku zai yanke ta daidai da sirdi ya sa mata maɗauri biyu. Sharaɗin kawai a ɗaure ta tamau, kada ta zame a kwana, kada kuma gefenta ya sauka wajen sarƙa. In ruwa ya taso a cire ta a sa a jaka.

Taya da sifirin

Rabin ciwon da ake ɗora wa sirdi daga taya yake fitowa. Masu faci da yawa sukan bunƙara iska har taya ta yi kamar dutse, su gwada da bugun sifana. Tayar da ta cika fiye da kima ba ta shanye gargada, sai ta miƙa wa mahayi. A yawancin ƙananan baburan da muke hawa, irin su Boxer, kamfani ya ce a sa wa tayar gaba awo 25, ta baya 28 in mutum ɗaya ne, 32 in da goyo. A nemi mai faci mai geji, a gwada da safe kafin taya ta yi zafi, a kuma bi abin da littafin babur ya faɗa.

Sandunan sifirin na baya, waɗanda makanikai ke kira shok, galibi suna da matakai da ake juyawa. Matakin ƙasa na mutum ɗaya ne, na sama na kaya mai nauyi. Dole a sa na dama da na hagu a mataki ɗaya. In an ga mai yana tsatsafowa a jikinsu, ko babur yana ta rawa bayan ya wuce rami, sun mutu, canji ne maganinsu. Abin da ke saurin kashe su da soso baki ɗaya shi ne ɗora buhun masara mai kilo 100 bisa sirdi da kaka. Babur ɗin aiki kada a mai da shi jaki. Kayan da ya zama tilas a ɗauka a ɗaura su a kariya.

Mahayin kansa

Ya cire alabe da makullai daga aljihun baya, gama suna karkatar da ƙugu su danne babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Ya sa wandon auduga mara kaurin ɗinki. Mai babbar riga ya naɗe ta sosai, domin sarƙa da wayoyin taya sun sha kama riga su kayar da mutum. Ya zauna da baya a miƙe, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. In zai wuce rami ya rage gudu ya ɗan ɗaga jikinsa bisa matakan ƙafa, kamar yadda mahayin doki ke tsayawa bisa likkafa. Kowace awa ɗaya ya sauka ya taka na minti biyar ko goma, ya sha ruwa, tun kafin ciwo ya fara. Mai fama da basir ya san dogon zama yana tsananta shi. In mutuwar jiki ko ciwon baya ya kwana bai sake shi ba, ko ya sauka har ƙafa, ya tafi asibiti, kada ya tsaya ga maganin 'yan talla. Hular kwano kuwa, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sawa ran 1 ga Janairu 2009, ba buzun da zai maye gurbinta.

Roƙona gare ku

Ranku ya daɗe, abu uku nake roƙo. Na ɗaya, duk babur da ke aikin ofishin Hakimi a riƙa duba sirdinsa da tayoyinsa da sifirinsa sau biyu a shekara, kafin damina da bayan kaka, magatakarda ya rubuta ranar a littafi. Kuɗin sabunta soso bai kai na taya ɗaya ba. Na biyu, in za a tsara rangadi a ƙidaya awoyin da mutum zai yi bisa sirdi, a sa lokacin hutu a ciki, a kuma sallame shi da sassafe don ya dawo da rana, gama kowa ya san a halin da ake ciki ba mai so dare ya riske shi a daji. Na uku, in ma'aikaci ya kawo kukan ciwon baya, a saurare shi, kada a ɗauke shi rago. In an ba shi fuskar faɗin gaskiya, zai gaya muku ƙauyen da bai samu zuwa ba, ku sake tura shi ko ku tura wani.

Malamai magatakarda, ku ne kuke karanta rahotanni. In kun ga sunan wani ƙauye mai nisa ya yi wata uku bai fito a takarda ba, ku kira mai aikin, ku fita tare da shi ku danna sirdin baburinsa da yatsa kafin ku rubuta masa takardar tuhuma.

Allah ya ƙara wa Hakimai lafiya da nasara, ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.