Kafin a biya kuɗin haya, a gwada sabis: jawabin ofishin akawu a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu na kwamitin dattawa, shugabannin rassa da suka taso daga Maraɗi, Damagaram, Ƙonni, Jibiya, Illela, Maigatari da Kano, wakilanmu na Kumasi da Garwa, alhazai da hajiyoyi, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana.

Shugabanni sun ba ofishin akawu ɗan lokaci domin mu yi magana a kan sa intanet a gida idan mutum ya tashi daga wani gida zuwa wani, ko daga wata ƙasa zuwa wata. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa taron 'yan kasuwa da wannan zance. Amsar tana cikin aljihun kowa a nan. Farashin wake a Dawanau, ta WhatsApp yake iske mu. Hoton atamfa daga Kantin Kwari, ta waya ake turo shi. Canjin sefa da naira na safe daban, na yamma daban. Kuɗi kuwa ko ta banki, ko OPay da Moniepoint, ko Nita da Amana, ko MoMo a Gana, duk sai da sabis. Direba ya maƙale a shinge da dare, ta nan zai nemi mai kaya. To gidan da babu sabis a cikinsa, ɗan kasuwa ya rufe shago ke nan daga magariba har wayewar gari.

Mu da muke zaune a ofis muna jin koken. Mutum ya kwashe iyali ya koma wani gari, ya biya hayar shekara guda, sai da aka shimfiɗa kafet aka kafa gado sannan aka gane sai an fita bakin titi ake samun kira. Kuɗin haya ba ya dawowa. Shi ya sa saƙonmu na yau guda ɗaya ne: a gwada sabis kafin a biya dillali. Sauran bayanan duk rassan wannan ne.

Idan aka je duba gida, mun saba tambayar ruwa, da wuta, da magudana, da halin maƙwabta. To a ƙara da sabis, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira rezo. A tafi da layuka biyu ko uku na kamfanoni daban daban. A shiga kowane ɗaki, har da uwar ɗaka, a rufe ƙofa, a kira wani da bidiyo, a tura hoto, a buɗe manhajar banki. Kada a tsaya ga sandunan da ke saman waya, domin sau da yawa sukan cika amma data ba ta motsi. A duba ko 4G ta fito, ko kuwa 3G ce, ko harafin E da ba ya tsinana komai. Sannan a sake dawowa bayan isha'i, lokacin da unguwa duka ta hau kan turke ɗaya. Sabis ɗin ƙarfe goma na safe ba ya ba da shaidar na dare. A tambayi mai shayi da mai cajin waya na layin, su ne suka san kamfanin da ke ja a wurin da wanda ke ɗaukewa da zarar an ɗauke wuta. Matambayi ba ya ɓata.

Hanyoyin sa intanet a gida guda huɗu ne a yankunanmu.

Ta farko ita ce raba data daga waya, ko ƙaramar na'urar aljihu mai batir. Tana da sauƙi, kuma ta dace da gwauro ko wanda zai yi wata biyu ya wuce. Amma ranar da maigida ya yi tafiya da wayarsa, gida ya zauna a duhu.

Ta biyu ita ce rauta ta gida mai cin layin waya, 4G ko 5G. Ita ce ta fi dacewa da yawancinmu, domin ana ɗaukarta a jaka ranar tashi. MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, amma har yanzu wasu unguwannin manyan birane ne suka samu. Kada a sayi rauta mai tsada saboda rubutun kwali alhali unguwar 4G ce kawai.

Ta uku ita ce wayar faiba da ake ja har cikin gida. Ita ta fi tsayawa daram, ba ruwanta da cunkoson turke. Sai dai ba kowane layi ta shiga ba, sai an fasa bango da izinin mai gidan haya, kuma ranar tashi a nan za a bar ta. Wanda ya gina nasa, ko yake da doguwar yarjejeniya, shi ya kamata ya duba ta.

Ta huɗu ita ce ta tauraron ɗan'adam, wato Starlink. Ta fara aiki a Najeriya a watan Janairu 2023, a Gana a 2024, a Nijar da Chadi a 2025. Tana kamawa har a ƙauyen da babu turke, muddin farantin yana kallon sararin sama babu bishiya ko bene a gabansa. Amma kuɗin sayenta da na wata-wata suna da nauyi, tana shan wuta sosai fiye da rauta, kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan rage mata gudu.

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu kaɗai, 'yan ƙetare iyaka. Kamfanoni ba ɗaya ba ne. A Najeriya akwai MTN, Airtel, Glo da wanda a da aka sani da 9mobile. A Nijar akwai Airtel, Moov Africa, Niger Telecoms da Zamani Telecom, wato tsohon Orange. A Gana akwai MTN, Telecel da AT. A Kamaru akwai MTN, Orange da Camtel. Ko da suna ya zo ɗaya, asusu ba ɗaya ba ne. Datar da aka saya a Airtel ta Katsina ba ta bin mutum zuwa Maraɗi. Sannan yawancin rautocin da kamfani ke sayarwa da araha a kulle suke, layinsa kaɗai suke karɓa. Wanda ya san zai riƙa kai-da-kawo, gara ya ƙara kuɗi ya sayi buɗaɗɗiya mai karɓar kowane layi, a kuma gwada ta da layuka biyu a gaban mai shago, ko a Farm Centre ta Kano ne ko a babbar kasuwar Maraɗi. Araha ba ta ado.

Masu zama a bakin iyaka, irin su Magama, Ɗan Isa, Illela, Ƙonni, Kamba da Gaya, su lura da wani abu. Waya ko rauta takan tsallaka da kanta ta kama turken ɗaya ƙasar, sai a caje ta kuɗin baƙunta, kati ya ƙare ba a san hawa ba ba a san sauka ba. Maganinsa a shiga saiti a kashe datar yawo, a zaɓi kamfani da hannu maimakon a bar na'ura ta zaɓa. Kada kuma a dogara da rangwamen kira na ƙasashen ECOWAS ba a tambaya ba, tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu 2025.

Starlink ma tana da iyaka. Tsarin gida an ɗaure shi da adireshin da aka yi rajista, ba a ɗaukar faranti a tsallaka da shi kamar buhun gero. A 2024 kwastam na Kamaru sun ba da umarnin kama na'urorin da ake shiga da su ƙasar. Duk wanda zai ƙetare da irin wannan kaya, ya fara zuwa ofis mu tambayi reshen can halin da ake ciki, kuma ya riƙe rasit.

Sai maganar rajista, kuma muna roƙon iyayenmu su saurare mu a nan. Tun watan Disamba 2020 Najeriya ta wajabta haɗa layi da lambar NIN. Gana tana neman Ghana Card, baƙo kuma yana da katinsa na baƙi. Nijar da Kamaru suna neman katin shaida ko fasfo. Saboda gudun bin layi, da yawa daga cikinmu sukan sa yaron shago ko ɗan dillali ya yi rajista da sunansa. Ranar da layin ya ɓace, ko aka ɓata da yaron, kamfani ba ya sauraren kowa sai mai sunan. A wannan layin kuwa lambar sirrin banki take shigowa, a nan WhatsApp ɗin abokan ciniki na shekara goma yake. A yi rajista da sunan kai, ko na matar gida, ko na ɗan da aka haifa. Tsohon layin ƙasar da aka baro kuma kada a jefa shi a durowa. Layin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. A riƙa sa masa ɗan kati ana kira lokaci lokaci.

Wajen zaɓen data, a ƙirga kawunan gida tukuna. Saƙon rubutu da na murya ba sa cin komai. Bidiyo ne ke cinye ta: awa ɗaya ta kallo mai kyan hoto takan lashe gigabayit guda ko fiye. Gidan da yara ke kallon YouTube da TikTok, talabijin kuma tana haɗe, datar wata sai ta ƙare a kwana goma. Wadda ake talla da cewa ba ta ƙarewa, a tambayi mai sayarwa inda ake rage mata gudu, domin galibi akwai adadin da in an kai shi sai ta koma tafiyar hawainiya. A fara da ta wata ɗaya. In ta yi, a ƙara. Kuɗi ma ba a tsaye suke ba, tunda a watan Janairu 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin Najeriya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari.

Idan an shiga gida, inda aka ajiye rauta shi ne rabin aiki. A ɗora ta sama, kusa da taga mai fuskantar turke, a tsakiyar gida gwargwadon hali. Kada a cusa ta bayan talabijin, ko cikin kabad, ko kusa da firji. Kankare, ƙofar ƙarfe da rufin kwano suna tare sabis. In rauta tana fitar da suna biyu, mai 2.4 ta fi ratsa bango ta kai ɗakunan ciki, mai 5 ta fi gudu amma sai a kusa. Gidan da ke da sassa da yawa, a ja waya zuwa rauta ta biyu, ya fi a yi ta ɗaga hannu a tsakar gida.

Wuta kuma ba sai mun faɗa ba. Mutanen Nijar ba su manta da watan Agusta 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, mu ma na wannan ɓangare mun san halin tamu. Yawancin rautoci bolt 12 suke ci, wutarsu ba ta wuce ta ƙwan fitila ba, don haka ƙaramin batir na rauta ko ɗan fanel na sola ya ishe su. A sa musu abin kariya daga hawa da saukar wuta, a zare su idan ana tsawa. A tuna kuma soket ɗin Najeriya da Gana mai baki uku ne, na Nijar da Kamaru da Chadi mai zagayayyen baki biyu. A sayi mahaɗi, kada a fasa soket da tsinke.

Ranar farko a canza kalmar sirrin da ta zo a bayan rauta, da ta shiga saitinta. Kada a sa lambar waya ko shekarar haihuwa. Wanda ya zo ya haɗa muku, ya nuna muku yadda ake canzawa, in ya tafi ku canza. Haƙƙin maƙwabtaka yana nan, amma in za a ba maƙwabci, a buɗe masa sashen baƙi, wayar da ake harkar banki da ita ta zauna ita kaɗai a nata. Kuma babu ma'aikacin kamfanin waya ko na banki da zai kira ya nemi lambar sirri. Wanda ya nema ɓarawo ne.

Ko wace hanya aka zaɓa, a ajiye layi na biyu na wani kamfani. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da intanet suka yi ta tangal-tangal a Najeriya da Gana kwana da kwanaki. A watan Satumba 2021 an rufe sabis a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar tsaro. Wanda ke da lambobin abokan cinikinsa a rubuce a littafi, da ɗan tsabar kuɗi a hannu, shi ya ci gaba da ciniki. Idan kuma kamfani ya ci kuɗi bai yi aiki ba, a fara kai masa kuka a riƙe lambar ƙorafi. In bai gyara ba, a Najeriya a kira NCC a 622 kyauta, a Nijar akwai ARCEP, a Gana akwai NCA.

Daga ƙarshe, ofishin akawu yana da roƙo. Za mu buɗe littafi a kowane reshe. Duk memban da ke zaune a wata unguwa ya rubuta mana kamfanin da ke ja a wurinsa da wanda ba ya ja, safe da dare. Wanda zai tashi kuma ya leƙo ofis kafin ya ba dillali ko sisi, mu haɗa shi da ɗan'uwa na garin da zai raka shi duba gida da layukan can a hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma dama don irin wannan iyayenmu suka kafa ƙungiya.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mana hanyoyi, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya maimaita mana na baɗi da rai da lafiya.