Jawabin Taron Ƙungiya: Mu Sa Darasin Narkewar Abinci a Wayoyin Yaranmu na Yana

 

Jama'a, mu 'yan kasuwa ne, iliminmu na Islamiyya ne, amma mun san riba mun san faɗuwa. Da muka je gida Yana hutun Sallah, mun tambayi yaranmu na ƙaramar sakandare ina tuwo yake bi in an haɗiye shi. Suka rero mana Turanci tiryan-tiryan. Muka ce to a faɗa da Hausa, sai aka yi tsit. Alhali waɗannan yaran su suka riƙe ƙafar ragon layya ana feɗewa, sun san tumbi, hanji, hanta da maɗaciya. Ba wanda ya haɗa musu abin da ke littafi da abin da ke cikin kwano.

Ga shawararmu. Mu ɗauki nauyin malaman kimiyya su shirya gajerun bidiyo da Hausa, kowane suna na Turanci yana gefe saboda jarrabawa. Yaro ya ga yadda miyau ke fara narkar da tuwo tun a baki, abinci ya bi maƙoshi ya faɗa tumbi, ya shiga ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 6, inda amfaninsa ke shiga jini, sannan babban hanji ya tsotse ruwa. A kuma nuna masa bambanci: tumbin rago kashi 4 ne, na mutum guda ɗaya tak.

Ba mu ne farau ba. Tun 2022 gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, darussa ta intanet. Sai dai data kuɗi ce, ba kowane gida ke da ita ba. Shi ya sa muka ce namu a zuba a memori, a riƙa turawa daga waya zuwa waya kamar yadda ake tura finafinai.

Ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare, wadda aka kafa a 2021, a ƙofar gidanmu. In yaranmu suka tsani kimiyya tun daga aji ɗaya, wa zai shige ta? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa wurin ma'aji kafin taro mai zuwa. Allah Ya sa albarka a nema.