BAN RUWAN LEMON TSAMI NA CIKIN TUKUNYA

Jama'a, yau maganarmu a kan lemon tsami ne, wanda a ke dasawa cikin tukunya. Mutane da yawa suna son itacen nan a gida, amma ba kowa ke da wurin dasa shi ba. Wani gidan haya ya ke zaune. Wani tsakar gidansa daɓe ne. Wani kuwa ƙasar wurinsu fako ce. To, irin waɗannan sai su nemi tsohuwar randa, ko rabin ganga, ko babbar roba, su zuba ƙasa su dasa. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A ƙasar Italiya an yi ɗaruruwan shekaru ana renon lemo cikin manyan tukwanen ƙasa, in sanyi ya zo a shigar da su ɗaki don kada ya kashe su. Mu sanyinmu bai kai haka ba. Tamu damuwar wajen ban ruwa ta ke.

Sau da yawa in lemon tukunya ya mutu, mai shi ya kan ce, "Ni kam ban san abin da ya same shi ba. Kullum safe da maraice sai na ba shi ruwa." To, abin da ya kashe shi ke nan. Lemon tukunya da yawan ruwa ke kashewa ya fi wanda ƙishirwa ke kashewa.

Ga dalili. Saiwar itace tana bukatar iska kamar yadda mu ke bukata. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan kafofi da ido ba ya gani, a nan iska ke zama. In aka zuba ruwa ya kan cika kafofin nan, sa'an nan ya tsane, iska ta koma. Amma in ana ta zubawa ba hutu, iska ba ta samun hanya. Sai ƙananan saiwoyi su ruɓe. Saiwar da ta ruɓe kuwa ba ta iya shan ruwa. Nan ne abin ke ruɗa mutane. Ganye ya yi yaushi, ya koma rawaya, ya fara zuba. Mai shi ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Watau ya ƙara wa marar lafiya abin da ya kwantar da shi.

Itacen da ke gona, in ruwa ya yi masa yawa sai ya nutse ƙasa ya wuce. Na tukunya ba shi da mafita sai wadda muka yi masa. Saboda haka tilas ne tukunya ta kasance da huji a gindi, in da hali ma uku ko huɗu. A rufe ko wane huji da tsingaro ɗaya don kada ƙasa ta zube. Ba sai an cika gindin da tsakuwa ba, wannan rage wa saiwa wuri kurum ya ke yi. A ɗora tukunyar bisa duwatsu uku kamar murhu. Kada kuma a bar kasko cike da ruwa a ƙarƙashinta, gama ban da ruɓar da saiwa, sauro zai sami wurin yin ƙwai. Ƙasar da za a zuba kada ta zama laka zalla. A gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki.

To, yaushe za a ba da ruwa? Kada mu tambayi kwanaki, mu tambayi ƙasa. Ka tura yatsanka cikin ƙasar tukunya har gaɓa biyu. In ka ji danshi da sanyi, ƙasa ta manne a yatsa, ka bar shi sai gobe. In ka ji ta bushe, to, lokaci ya yi. Saman ƙasa maƙaryaci ne. Ya kan bushe ƙayau alhali can ƙasa ruwa na kwance.

In lokacin ya yi, a ba shi sosai. A zuba sannu sannu, ana kewaya tukunyar, har a ga ruwa ya fara ɗiga ta huji. Sa'an nan a tsaya. Ɗan yayyafi na kullum ba shi da amfani, sama kaɗai ya ke jiƙawa. Ba mu ce ƙwarya kaza ba, don tukunya ta fi tukunya. Ta ƙasa tana tsatsafo, kamar yadda randa ke yi, saboda haka ta kan bushe da wuri. Roba tana riƙe ruwa. Ganga kuwa in rana ta doke ta sai ta gasa saiwa, gara a naɗe ta da tsohuwar tabarma ko buhu.

Shekara ma ba ɗaya ba ce. Da bazara, wajen watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan kai digiri 40 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri, ƙaramar tukunya ta kan nemi ruwa ko wace rana. Da hunturu babu zafi, amma iska tana busar da ƙasa, sai a riƙa dubawa. Da damina, musamman watan Agusta, sau da yawa ba ruwanmu da ban ruwa. Aikinmu shi ne mu janye tukunya daga ƙarƙashin indararo, mu duba ko huji ya toshe. Da sassafe ya fi kyau a ba da ruwa, in ba a samu ba sai da yamma.

Mun san da rani ruwa ba arha ba ne. Wata mace tun asuba ta ke bin layin rijiya, wani kuwa sayen ruwan ya ke yi wurin 'yan garuwa. Don haka a ke kwaɗayin juye wa lemo ruwan wanki. Kada a yi. Sabulun wanki yana ɓata ƙasa, lemo kuwa ba ya jure gishiri ko kanwa. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi, wannan ba laifi. In kun ga farin abu ya fito a bakin tukunya kamar kanwa, gishirin ruwan rijiya ne ya taru. Sai a kwarara ruwa mai kyau da yawa, ya bi ta huji ya wanke shi. Hanyar tattalin ruwa ita ce a rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, ana lura da gara. Amma a bar tazara, kada abin ya taɓa jikin itacen. Gindin lemo ba ya son zama a jiƙe. In ya daɗe haka wata cuta ta kan kama ɓawonsa, a ga ƙaro yana fita. In lemon mai aure ne, a tabbata mahaɗin auren yana sama da ƙasa.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan lemo guda? Ku tuna, lemo mai aure sai ya yi wajen shekara 3 kafin ya ba da 'ya'ya, na iri ya fi haka daɗewa. Kuma ba ɗanɗanon koko kaɗai ya ke gyarawa ba. A shekarar 1747 wani likitan jirgin ruwa na Birtaniya, James Lind, ya ba waɗansu ma'aikatan jirgi masu ciwon zubar jini a dasashi lemon zaƙi da na tsami, suka sami sauƙi. Yanzu an san sinadarin bitamin C da ke ciki ne ya yi aikin. Abin da aka yi shekara 3 ana jira, bai kamata a ɓata shi cikin mako biyu ba. Lokacin da ya fi hatsari shi ne sa'ad da ya yi fure, ko 'ya'ya suna ƙanana. In aka bar shi ya bushe a lokacin nan, sa'an nan aka tsuga masa ruwa, sai ya zubar da su.

Idan aka yi tafiya aka tarar ƙasa ta bushe har ta janye daga jikin tukunya, ganye ya naɗe, ruwan da aka zuba zai bi ta gefe ya fita bai jiƙa kome ba. Sai a tsoma tukunyar cikin babban daro na ruwa kamar rabin sa'a, a fitar ta tsane. In ta fi ƙarfin ɗauka, a zuba kaɗan, a jira, a ƙara, har ƙasar ta kumbura.

Wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa, a daina ba shi, a kai shi inda ruwan sama ba ya taɓa shi, a buɗe hujin da tsinke. Kada a sa masa taki tukuna. In bayan kwanaki ƙasar tana wari, a fitar da shi, a yanke saiwoyin da suka yi baƙi suka yi laushi, a sāke masa ƙasa. Ka ɗan kankare ɓawon reshe da farce. In ka ga kore a ciki, da sauran ransa, sai a jira sabon toho.