Juji Ma Gona Ne



Duk mai ɗaukar albashi a cikinmu ya san yadda cefane ke cinye shi tun wata bai raba ba. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan juji. Kowa ya taɓa ganin kabewar da ta tsiro a juji, ba wanda ya shuka ta, amma ta fi ta gona kyau. Jamusawa sun mai da abin dabarar noma, suna kiranta Hügelkultur.

Ga yadda nake yi a bayan gidana. Nakan jera guntayen itace a ƙasa, in ɗora rassa, karan dawa da busasshen ganye, in zuba kashin awaki, sannan in rufe da ƙasa har tudun ya kai mita 1. Itacen kan riƙe ruwa kamar soso. Takin kuwa wajibi ne, domin itace mai ruɓewa yana janye naitirojin a shekarar farko. Kabewa, kuɓewa da alayyahu duk suna yi sosai.

Sai dai a tsince leda da tsohon batir, a kuma nisanta tudun da bango saboda gara.