Koyon Cinikin Ƙasashen Waje, Rabi a Gida Rabi a Jami'a



A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya, domin an sami maganin ƙwari a cikinsa fiye da ƙima. Rashin bin dokar masu saye shi ya jawo wannan hasara. Sanin irin waɗannan dokoki yana cikin ilmin cinikin ƙasashen waje, wanda a ke koyarwa a jami'a.

Akwai hanyar da ta raba karatun kashi biyu. Ɗalibi ya kan saurari lacca ta intanet yana garinsu, ya koyi kuɗin fito da canjin kuɗi. Sa'an nan ya zo aji, malami ya ba su aiki, misali yadda za a sayar da riɗi a Japan ko zoɓo a Meksiko, su yi muhawara har su tsayad da farashi.

Amfanin wannan, ma'aikaci ya yi karatu ba tare da ya bar aikinsa ba. Amma wanda ba shi da lantarki, kashin farko ya wuce shi. Saboda haka ya kamata ko wane Hakimi ya nemar wa ɗaliban gundumarsa ɗaki mai wuta da intanet.